Salomi Mai Siber da Yaɓen da Ta Jinkirta

A Tasawa, kusa da tasha, akwai wani ɗaki mai shuɗiyar ƙofa da ake saida taki a cikinsa yanzu. Waɗanda suka daɗe a garin ba sa ce masa shagon taki. Siber ɗin Salomi suke cewa, wato ɗakin shiga intanet, ko da yake an kwashe na'urorin tun da jimawa. Ita Salomi tana nan da ranta, ta manyanta, tana zaune a gidanta bayan majami'a. In ka tambaye ta wannan labari sai ta ce ai ba wani labari ba ne, ta ci gaba da tsince wakenta.

An haife ta a wani ƙauye na ƙasar Baudeta. Ubanta Zakariya manomi ne, kuma dattijo a ƴar majami'ar ƙauyen mai benci huɗu. Tana da shekara tara aka yi farin nan na saba'in da huɗu, shekarar da sojoji suka fara karɓar mulki a Yamai. Sojojin ba ta gan su ba. Abin da ta riƙe daga shekarar, rumbun ubanta ne.

Rumbun iri ne na laka, a ɗore kan duwatsu. Kowace shekara bayan kaka Zakariya kan kwaɓa ƙasa da kashin shanu ya sake yaɓe shi har gindi. A wannan shekara rijiya ta ja baya, mace kan wuni a bakinta kafin ta cika tulu guda. Ya dubi ruwan, ya dubi ƴaƴansa, ya ce yaɓe ya jira baɗi. Bakin rumbun kuwa ya liƙe shi sosai, ya ɗora jinka, kullum sai ya duba liƙin ya ga ba wanda ya taɓa. Iyalinsa suka ci anza da tafasa, ba su nemi a buɗe ba. Ranar da ruwan farko ya sauka ya fasa liƙin, ya zura hannu har kafaɗa, ya fito da ƙaiƙayi da kashin ɓera. Ashe tsaga ce a ƙarƙashi, ba ta fi faɗin ɗan yatsa ba.

Bai ɗaga murya ba. Ya zauna a ƙasa, ya ce wa matarsa, "Baki na tsare. Ban duƙa ba." A gonakin mutane ya yi daminar shekarar. Daga nan har ya rasu, kowace kaka sai an gan shi rub da ciki a ƙarƙashin rumbu da ɗan tsinke a hannu, yara suna yi masa dariya.

Salomi ta yi lakol, wato makarantar boko, ta je Maraɗi ta koyi buga keken rubutu. Farin tamanin da huɗu ya same ta tana aiki a wani biro a Mayahi, har lokacin ƙasa tana hannun masu kaki. Aikinta buga sunayen gidajen da za a raba wa hatsi. A nan ta gane cewa suna ɗaya in ya zame daga takarda, akwai tukunyar da ba za a ɗora ba. Takan karanta kowane shafi sau biyu, da yatsa, har shugaban biron ya riƙa ce mata kunkuru.

Ta auri Musa kafinta, suka dawo Tasawa, suka haifi Rut. Da aka rage ma'aikata, ta ɗauki kekenta ta kafa tebur a gindin bedi, tana rubuta wa mutane wasiƙa. Shekara goma sha ta yi a nan. Mata suka faɗa mata abin da ba su faɗa wa uwayensu ba, ƴan kasuwa suka faɗa mata abin da suka ɓoye wa abokan cinikinsu. Ba a taɓa jin ko kalma ɗaya ta fita daga gindin bedin ba. Shi ya sa, da ta samu tsofaffin ordinater guda uku, wato kwamfuta, ta buɗe siber, mutanen ba su canza hali ba. Mutum zai sunkuyo ya raɗa mata kalmar sirrinsa a kunne, wadda ƴan lakol ke ce wa modepas, ya ce, "Madam, riƙe min, ni kaina ya yi yawa."

Yawancinsu ba sa karanta Faransanci. Sai ta yi dabara. A cikin na'urar akwai abin da ake kira nabigater, wato tagar da ake leƙa duniya ta cikinta. Salomi ta ɗauko jan farcen Rut ta ɗiga a kan gilashin, daidai inda ake dannawa. Ɗigo ɗaya, taga ta buɗe. Ɗigo biyu, akwatin wasiƙa. Ɗigo uku, a aika. Alhaji Cindo, mai fataucin aya da albasa, wanda ko sunansa ba ya rubutawa da boko, ya koyi buɗe akwatinsa da kansa yana duba hotunan kaya daga Kwatano. Yana fita yana faɗa a tasha cewa ya zama injiniya.

Matsala ɗaya ce. Lokaci lokaci wani ɗan akwati kan fito a gilashin yana cewa akwai gyaran da masu nabigater suka aiko, a yarda ko a bari sai an jima. Sau ɗaya ta yarda. Layin intanet ya wuni yana jan ƙafa, kuma da aka gama sai komai ya gusa daga inda yake. Alhaji Cindo ya danna ɗigo biyu, taga ta rufe gaba ɗaya. Ya fito bakin ƙofa yana cewa an yi wa na'urarsa asiri. Wata tsohuwa da ta zo ganin hoton jikanta ta koma gida ba ta gani ba. Salomi ta sa aka maido da tsohon nabigater. Daga ranar, in akwatin ya fito, sai ta danna "sai an jima". Ta yi haka shekara biyu, kuma da kyakkyawar zuciya ta yi.

Daminar dubu biyu da tara ba ta yi ba. Gero ya tsaya a gwiwa ya bushe. A watan biyu na shekarar da ta biyo, aka ji harbi a Yamai ta rediyo, sojoji sun sake karɓar mulki. Washegari siber ya cika har waje, kowa yana son ganin hoto. Wani ya zo da sunan wani shafin intanet da aka ce yana da hotunan da ba a nuna a talabijin ba. Aka buɗe shi a na'urorin uku. Tagar ta daskare, ta rufe kanta, ta dawo. Hoto dai ba a gani ba. Aka yi tsaki aka watse.

A watan biyar Malam Gado ya zo. Shi ne magatakardan ƙungiyar manoman ƙauyuka shida na ƙasar Hawandawaki, Musulmi da Kirista a haɗe, mutum ne dogo mai ɗan gemu, taubashin Alhaji Cindo. Ya kawo sunayen gida ɗari biyu da goma sha huɗu waɗanda yunwa ta sa suka cinye irinsu. Wata ƙungiyar agaji a Maraɗi ta ce za ta ba da iri ga duk waɗanda takardarsu ta tabbata kafin azahar ɗin Juma'a ta mako mai zuwa. Salomi ta buga sunayen, ta karanta sau biyu da yatsa, aka aika daga akwatin manoman.

Ranar Litinin Gado ya dawo neman amsa. Akwati ya ƙi buɗewa. Salomi ta buga kalmar sau uku, na'ura ta ce ba ita ba ce. Suna cikin haka wayar Gado ta yi ƙara. Daga Maraɗi ne. Aka ce masa wasiƙun roƙo suna ta fita daga akwatinsu da sunan masu yunwa, har sun kai ga Turawan da ke taimakon ƙungiyar agajin, kuma shugabarta ta ajiye takardarsu gefe, don ba ta san da wa take magana ba.

Gado ya juyo. Alhaji Cindo yana zaune a na'ura ta biyu yana cin goro.

"Kai ne ka zauna bayana ran nan," in ji Gado.

"Ni?"

"Kai. Bakinka da jan goro kamar wanda ya ci amana."

"Kai taubashi, ka ji tsoron Allah! Ni da ɗigo uku kawai na sani a duniya? In na iya satar akwati, mi ya hana ni rubuta sunana in huta da dangwale?"

"Ai ɓarawo ba ya rasa magatakarda."

"To ka ga magatakarda ɗaya na sani mai gemun akuya, kuma ga shi tsaye."

Ƴan ɗakin suka yi dariya, amma Gado bai yi ba. Idonsa ya zo kan Salomi, ya tsaya kaɗan, ya sauka ƙasa. Mutum biyu ne suka san kalmar sirrin nan a duniya, ita da shi, kuma kowa a ɗakin ya sani. Salomi ta ji kallon har cikin ƙashinta, amma ba shi ne ya fi damunta ba. Hadari ya fara haɗuwa a gabas kowane maraice, kuma gida ɗari biyu da goma sha huɗu ba su da abin zubawa a rami.

Ta kira Abdurrahamane, mai gyaran ordinater a Maraɗi, magidanci mai ƙaramar murya. Ya iso da safiyar Talata a motar kasuwa. Ya ɗauki awa uku yana bincike, sai ya jingina ya ce, "Madam, kina da baƙo. Tun watan biyu yake zaune."

"Ta ina ya shigo? Ƙofata kwaɗo biyu gare ta. Ba na barin kowa ya sa min kile, ɗan makullin nan na kwasar bayanai, a na'ura."

"Ba ta ƙofa ba. Nabigater ɗin nan naki yana da rami. Masu shi sun gano, sun aiko da abin toshewa tun bara waccan. Ɓarayi ma sun san ramin. Sai su gina shafi su sa tarko, ko ba ki danna komai ba, buɗewa kawai ya isa. Daga nan duk abin da aka buga a nan, wani yana karantawa a wata ƙasa."

"Duk abin da aka buga?"

"Duka."

Ta zauna a kan benci. Ta dubi ɗigogin jan farcen a gilashi.

"Ɗan akwatin nan da ke fitowa," ta ce, "shi ne yaɓen?"

"Yaɓe?"

"Abin toshewar."

"Shi ne."

"Da na yarda, da ya shiga?"

Abdurrahamane ya sosa ƙeya. "Da wuya." Ya rage murya. "Amma Madam, ba sai kin faɗa ba. Ki ce cuta ce ta zo daga waje. Gaskiya ce ai, kuma ba wanda zai tambaya. Zamanin nan na sojoji, maganar takardar agaji ba a son a ji sunan mutum a ciki."

"In na ce haka, matar can ta Maraɗi za ta yarda da sunayen?"

"Wannan kam ban sani ba."

"Ni na sani. In ba ta ga inda ramin yake ba, za ta ce yana cikin mutanen."

Ta kira Maraɗi da kanta. Shugabar, Madam Shatu, ta ce abu biyu take so kafin Juma'a: sunayen a takarda, kowane gida da dangwalen yatsa, da kuma wanda zai tsaya gabanta ya faɗi yadda aka yi. Salomi ta ce to.

Da la'asar ta tsaya a bakin shuɗiyar ƙofa, ta aika aka kira duk wanda ke da akwati a wurinta. Suka taru, ƴan kasuwa da malaman lakol da ma'aikata biyu na perefe, shugaban gunduma. Ta faɗa masu komai, ba ta rage ba. Ta ce kowa ya ɗauka sirrinsa na wata uku ya fita, kuma ta hannunta ya fita, don an aiko da gyara ta ce sai an jima. Ta ce gobe za ta bi ƙauyukan shida ta sake rubuta sunayen. Wani malami ya ce abin kunya ne, ya tafi, bai sake dawowa ba har aka rufe siber ɗin. Wata ƴar kasuwa ta yi kuka. Gado ya tsaya a baya, kansa a sunkuye.

Alhaji Cindo ya tofar da goro. "To ni sirrina farashin albasa ne, ya je ya saya. Madam, gobe da wace mota za ki tahi?"

"Ban samu ba tukuna, Alhaji."

"Ga tawa. Esansi ma nawa. Amma wannan mai gemun a baya zai zauna, da buhuna."

Da hantsin Laraba suna kan hanyar rairayi. Salomi ta rungume tsohon kekenta na rubutu a cinya, an naɗe shi da zane, ga tawadar dangwale a jaka. Sau huɗu motar ta kafe. Gado da Alhaji suka tura suna zagin juna, ita tana tona ƙarƙashin taya da kwano. A karo na uku Gado ya matso kusa, yana haki, ya ce, "Uwar Rut, ran Litinin na dube ki wani iri."

"Ka dubi inda ya dace, Malam Gado. Tura mu tahi."

A kowane ƙauye aka shimfiɗa mata tabarma a gindin gawo, ta ɗora keken a kan turmi da aka kifa. Maza da yawa sun tafi cin rani Najeriya, mata ne suka fito. Kafin ta buga suna ɗaya sai ta faɗa masu dalilin da ya sa ake sake rubutawa. Ba ta ce nabigater ba. Ta ce rumbu aka ba ta tsaro, ta liƙe baki, ta bar gindi ba yaɓe. Ba wanda ya nemi ƙarin bayani.

Wata tsohuwa, A'i, ta riƙe yatsanta a sama ta ƙi dangwalawa.

"Ɗiyata, yanzu sunana yana hannun ɓarawo kenan?"

"Yana hannunsa, Inna."

"A wace ƙasa?"

"Ban sani ba. Da nisa."

"Oho. Ni ko Tasawa ban taɓa zuwa ba, sunana ya riga ni yawo." Ta danna yatsan da ƙarfi har takardar ta kusa hujewa. "In ya ga zai ƙoshi da shi, ya ci."

Kwana biyu suka yi. Zaren tawadar keken ya bushe a ƙauye na biyar, ta ɗiga masa kananzir ya farfaɗo. A ƙauye na shida aka rasa gida ɗaya, mai gidan ya bi awakinsa daji. Gado ya ce a bari, ɗari biyu da goma sha uku ma ai sun isa. Salomi ta zauna kusa da keken tana gyara takardu, har aka je aka nemo mutumin a kan jaki.

Ranar Juma'a, kafin kiran salla, tana tsaye a biron Madam Shatu da ƙurar hanya a zanenta. Ta ajiye takardun, shafi goma sha ɗaya.

"Wa ya aika wasiƙun roƙon?" in ji Madam Shatu.

"Ban san shi ba. Amma na san ta inda ya shiga. Ba ta wurin Malam Gado ba ne, ba ta wurin manoma ba ne. Ta na'urata ce, kuma ni na bar ta a buɗe." Ta miƙa takardar da Abdurrahamane ya rubuta ya sa hannu.

Madam Shatu ta karanta. Ta buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya, tana duban dangwalen. Ta daɗe.

"Kin san da kin ce cuta ce, da ba wanda zai ce maki komai?"

"An faɗa min."

Matar ta ɗauki hatimi ta buga. Sannan ta kira sakatarenta ta tambaye shi ko nasu ordinater ɗin ma yana fito da wani ɗan akwati da safe. Mutumin ya ce yana fitowa, shi ma "sai an jima" yake dannawa.

Irin ya isa Hawandawaki kwana tara bayan haka. Ruwan shuka ya sauka kwana biyu a bayansa. Salomi ba ta je rabon ba, tana Tasawa da tsumma da ɗan esansi tana goge jan farce daga gilasai uku. Abdurrahamane ya wanke na'urorin tas ya sa sabon nabigater. Ta sake ɗiga alamun a sababbin wurare, ta zaunar da mutanenta ɗaya bayan ɗaya ta koya masu. Daga nan duk ranar da ɗan akwatin gyaran ya fito, sai ta rufe ƙofa ta rataya allo, ko da layi ya kai bakin titi. In abubuwa sun gusa, ta goge ta sake ɗigawa. Rut ta daina ganin jan farcenta gaba ɗaya.

Abu ɗaya ne mutane suka daɗe ba su yafe mata ba. Ta daina karɓar raɗa. In mutum ya sunkuyo da kalmarsa sai ta toshe kunne, ta juya masa baya har ya gama bugawa.

"Madam, shekara ashirin kina riƙe min sirri," in ji Alhaji Cindo, "yau kuma ni za ki juya wa ƙeya?"

"Riƙe abinka, Alhaji."

"In na manta fa?"

"Ka sa sunan wanda ba ka mantawa da shi."

Ya yi tunani, ya buga da yatsa ɗaya, yana dariya shi kaɗai. Gado ya rantse har yau cewa zaginsa aka sa.

Da kaka, Gado ya zo da damin gero guda a bayan babur, ya ce daga A'i ne da maƙwabtanta. Salomi ta ce ba ta yi aikin da za a ba ta dami ba. Ya ce shi ɗan aike ne, in tana da magana ta je ta faɗa wa tsohuwar. Musa ya gina masa ɗan rumbu a tsakar gida, ita ta yi yaɓen da hannunta.

Wayoyin hannu suka zo suka kashe kasuwar siber, ta rufe ba tare da ɓacin rai ba. Yanzu jikoki da ƴan majami'a da matan unguwa kan kawo mata waya in ta rikice. Idonta ya rage, sai ta kai gilashin kusa da hanci. Kafin ta ji abin da ya kawo mutum, takan shiga can ƙasa, inda ba a cika dubawa ba, ta ga ko akwai gyaran da ke jira. In ta samu, sai ta miƙa wayar ta ce a zauna, akwai hura a ƙwarya, ba inda za a je sai an gama.